Yadda Aji Biyar Suka Cinye Darasinsu

Malama Haulatu ba ta iya koyarwa a zaune ba. Duk firamaren nan ta bayan tashar Daura an shaide ta da wannan, har hedimasta ya daina leƙowa yana tambayar ko lafiya idan ya ji ihu daga aji biyar. Ranar da za ta fara musu darasin jini, ko alli ba ta taɓa ba. Tana shigowa ta ce kowa ya ajiye biro a fita waje.

"Ku zagayo darbejiyar can da gudu ku dawo. Wanda ya zo ƙarshe shi ke da sharar aji."

Kafin ta rufe baki an zuba a guje. Murjanatu, wadda kowa ke kira Murja, 'yar firit ce amma ƙafarta ba ta da wasa. Ta dawo cikin na gaba-gaba, hijabi a karkace, tana haki tana dariya.

"Yawwa. Kowa ya ɗora yatsu biyu a nan," in ji Malama, ta nuna gefen wuyanta. "Ku yi shiru. Me kuka ji?"

Aka yi tsit. Can sai Murja ta daka tsalle.

"Malama! Wani abu yana harbi na! Wallahi motsi yake!"

"Ni ma! Ni ma!" Wuri ya kaure. Wata da ta laluba ba ta ji komai ba har ta fara kwaɓe fuska za ta yi kuka, wai ita nata ya tsaya, sai da Malama ta kama yatsunta ta ɗora mata a daidai wurin.

"Zuciyarku ce take turo jini," in ji Malama. "Ku dunƙule hannu. To, girmanta ke nan. Tun kuna ciki take wannan aikin, ba ta san hutun Sallah ba, ba ta san barci ba. Yanzu kun yi gudu, ƙafafunku sun cinye abincinsu, sun shanye iskarsu, suna neman ƙari. Shi ya sa ta ƙara sauri, tana aika musu da jini, domin jini shi ne ɗan aike. Shi ke ɗaukar abinci da iska ya bi ta manyan jijiyoyi, daga nan ya shiga ƙanana, ya shiga waɗanda suka fi gashin kanku siranta, har ya kai wa kowane lungu na jiki rabonsa. In ya sauke kaya ya kwaso shara, ya juyo gida ta wata hanyar daban."

Da suka koma aji ta zana zuciya a allo. Allah ya ba Malama baki amma bai ba ta hannun zane ba, abin ya fito sak mangwaron da ya faɗo daga sama. Ta raba shi gida huɗu, ta ce ɗakuna ne, biyu a dama biyu a hagu, da bango a tsakani, kowanne da ƙofar da ba ta buɗewa sai ta gefe ɗaya.

Fadila, 'yar mai shagon atamfofi, wadda ba a taɓa yin magana ta wuce ba ta sa baki ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, ni fa ina cin zuciya a miya. Ban taɓa ganin ɗaki ba, balle ƙofa."

Aka yi dariya. Malama ma ta yi, ta dubi mangwaronta ta girgiza kai.

"Da gaskiyarki. Da za mu samu zuciyar sa guda, ɗanya, da jijiyoyinta a jiki, da kun gani da idonku kun huta da zanena."

A nan ne Murja ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Mahaifinta Mainasara mahauci ne, da safe yana kwata, da yamma yana kan tukubarsa a bakin tasha. Kowa a ajin ya sani, amma ita ko da wasa ba ta taɓa furtawa a makaranta ba. Tun suna aji uku Fadila ta laƙaba mata 'Yar Ƙarni, sunan kuwa ya zauna daram. In Murja ta zo zama a benci sai a toshe hanci a matsa. Kullum da safe sai ta cuɗa jikinta da sabulu har Innarta ta yi faɗa, ta shanshana hijabinta ciki da waje, ba ta jin komai, amma in ta je sai an toshe hancin. Abin yana ci mata rai ƙwarai, ba ta kuma taɓa faɗa a gida ba.

Amma yau ɗokin ganin ɗakunan nan ya fi ƙarfinta. Hannunta ya tashi sama kafin ta yi shawara da kanta.

"Malama, ni zan kawo. Babana mahauci ne."

Duk aji ya juyo. Wannan karon ba wanda ya toshe hanci.

"Da gaske, Murja? Gobe?"

"Gobe, Malama!"

Aka ɗauki tafi. Da aka tashi tara, har da masu ba ta rogo da ƙuli don ta bar su su tsaya kusa da tebur gobe. Murja ta koma gida ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. A ranta ta gama lissafi: in zuciyar nan ta zo aka ga ɗakuna, sunan nan ya mutu, daga gobe ita ce yarinyar da ta kawo wa aji biyar zuciya.

Ta tarar da mahaifinta a zaure yana wasa wuƙaƙe. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran ta Murja ba.

"Uwata, wannan gudu fa? Wa ya biyo ki?"

"Baba, Malamarmu ce ke son zuciyar sa. Gobe da safe."

"Malama da kanta? Ai ta samu! Akwai wani bajimi da na taho da shi daga Mai'aduwa, gobe za a kayar da shi."

"Baba, ɗanya fa. Guda. Kada a yanka ta."

"Na ji, Uwata, na ji. Ki tafi makarantarki, ɗan acaɓa zai kawo har aji."

Ya ji ɗin kuwa, ba wai bai ji ba. Sai dai Mainasara mutum ne mai doka a sana'arsa. Tun yana yaron shago aka koya masa nama ba ya barin hannun mahauci da jijiya ko tantani. Ballantana kuma malamar 'yarsa! A ce mace mai daraja ta nemi abu a wurinsa karo na farko, ya aika mata da tsoka tana ɗigar jini a leda? Me mahautan Daura za su ce? A ganinsa yarinya ce, ba ta san yadda ake girmama manya ba tukuna.

Washegari aji biyar ya cika ya batse. Labari ya zaga, 'yan aji huɗu sun yi cincirindo a taga. Malama ta zo da faranti da sabuwar reza, ta jawo tebur tsakiya. Murja tana zaune a bencin gaba, inda aka matsa aka ba ta wuri, idonta a kan ƙofar makaranta. Duk babur ɗin da ya wuce a titi sai gabanta ya faɗi.

"Ga shi nan! Ga shi nan!"

Ɗan acaɓa ya yi sallama ya miƙo wata kula ɗaure cikin farin ƙyalle. Murja ta karɓa da hannu biyu, ta ɗora a tebur. Ta ji kular da ɗumi, amma ta ce a ranta ai yanzu aka yanka san.

"Kowa ya koma baya kaɗan," in ji Malama. "Mai tsoron jini ya rufe ido."

Ta kwance ƙyalle. Ta murɗa marfi.

Ƙamshi ya bugi ajin har bencin ƙarshe. Balangu ne, an yanka shi ƙanana-ƙanana daidai loma, ya sha mai, ya sha yaji, ga albasa da tumatir an jera a sama gwanin sha'awa. Ko silin jijiya babu. Mainasara ya yi aikin da ko biki aka ce ya yi iyakarsa ke nan.

Malama ta tsaya da reza a hannu. Ta cije leɓe, ta kalli silin, ta yi iya ƙoƙarinta, amma dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan kuwa aji ya fashe. Wasu har da faɗowa daga benci, na taga suna ba na bayansu labari.

"To," in ji Malama tana share hawaye, "babanki ya kyauta, Allah ya saka da alheri. Tun da darasi ya zo a gashe, sai mu ci abinmu."

Aka bi layi kowa ya ɗauki yanka ɗaya. Fadila ta tauna nata a hankali, ta lumshe ido.

"Ni dai na ci falo," ta ce. "Wa ya samu ɗakin kwana? 'Yar Ƙarni, gobe a ƙaro albasa."

Murja ba ta ci ba. Ta sunkuyar da kai, wuyanta yana harbawa fiye da na ranar gudu. Malama ta lura, ta daina dariya, ta dafa kafaɗarta ta ce ba komai, za su yi maneji da zanen allo.

"A'a, Malama," in ji Murja. "Gobe zan kawo."

Ita kanta ba ta san ta yadda za ta kawo ba.

Da la'asar Mainasara ya shigo gida baki har kunne, yana shirin fita tukuba.

"Uwata! Yaya Malama ta ji hannuna? Yajin bai yi yawa ba dai ko?"

Murja ta fashe da kuka. Innarta, Hajo, ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambayar wa ya mutu. Sai da aka sha fama kafin aka gane zancen.

"Ba ci za a yi ba, Baba! Dubawa za a yi! Ɗakunan za mu gani!"

"Ɗakuna? A cikin zuciya?" Mainasara ya riƙe haɓa. "Uwata, tun ba a haife ki ba nake tsaga zuciya. Rami ne a ciki da gudan jini, a wanke a yanka. Wane irin ɗaki kuma?"

"Kai ma ka taɓa tsayawa ka duba ne, Malam?" in ji Hajo. "Kullum cikin sauri kake kamar ana kora ka."

Murja ta share hawaye da bakin hijabi. Ta kama ƙaton hannun mahaifinta, ta juya shi, ta ɗora masa yatsunsa biyu a wuyan ɗaya hannun.

"Yi shiru, Baba. Ka ji?"

Ya yi kasaƙe. "Na ji. Ai wannan kowa na da shi."

"To zuciyarka ce. Duk matsawa ɗaya, sai ta turo jini. Jinin da ya gama zaga jiki ya gaji, ya yi duhu, sai ya shigo ɗakin dama na sama, ya sauka na ƙasa, ta tura shi huhu. A can ya zubar da gurɓatacciyar iska, ya sha sabuwa, ya yi jawur. Sai ya dawo ta hagu, sama, ƙasa, ta sake matsawa, fuu, har ɗan yatsan ƙafarka. Kullum haka, zagaye yake yi."

Mainasara ya zauna a kan turmi bai sani ba.

"Tsaya, tsaya. In an yanka sa, jinin nan ba zuba yake kawai ba, tsartuwa yake, ya tsaya, ya sake tsartuwa. Wato..."

"Ita ce take matsawa, Baba!"

"Ikon Allah!" Ya tafa hannu. "Hajo, kin ji? Shekara da shekaru abin nan yana ɓata mini riga ban taɓa tambayar dalili ba! To waɗansu zare-zare farare da ke ciki fa, waɗanda nake yankewa in zubar?"

"Ban sani ba. Malama ce za ta sani."

"Ai kuwa sai na ji!" Ya miƙe tsaye, ɗoki ya kama shi kamar yaro. "Gobe akwai wani san. Zan cire ta da kaina, da bututunta duka, ba wanda zai taɓa. Kuma reza ba ta tsaga zuciyar sa, ɓata ta za a yi. Ni zan kawo, ni zan buɗe muku."

Murnar Murja ta tsaya cak. Ta hango shi a tsakiyar aji da 'yar sharar aikinsa, wadda jini da kitse suka rine har ba a san asalin launinta ba, ta hango Fadila da yatsu a hanci.

"Baba, da ka aiko kawai," ta ce a hankali. "Kada ka bar aikinka."

"Wane aiki? Ai minti kaɗan ne."

"Ɗan acaɓan ma ya isa."

Ba ta iya ɗaga ido ba. Mainasara ya dube ta, ya dubi rigar jikinsa. Sannan ya ɗauki wuƙaƙensa da tirensa.

"To, Allah ya kai mu," ya ce, ya fita.

Murja ta ji kunyar abin da ta faɗa fiye da kunyar da ta sha a aji. Tuwon ranar kaɗan ta taɓa.

Da safe ba wanda ya matsa mata a bencin gaba. Ta zauna a wurinta na baya. Darasi ya yi nisa, Malama ta sake zana mangwaronta, ba babur ba alamarsa. Fadila ta waiwayo tana lasar baki.

Sai aka yi sallama a bakin ƙofa, da murya mai kauri.

Mainasara ne. Amma wane Mainasara! Ya sha farar babbar rigarsa ta zuwa Juma'a, mai aiki har ciki, ga hula a karye, ga ƙamshin turare da ya riga shi shigowa. A hannunsa kuma ƙaton daro ne rufe da faifai, ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da garwashi.

"Malama, barka da aiki. Ni ne mai laifin jiya. A yi haƙuri, ga gyara na kawo."

Ya ɗaga faifai. Aji ya ɗauki salati. Zuciya ce ƙatuwa, ta kusa kai kan jariri, jawur, da kitse fari a kafaɗarta da bututu manya-manya a sama. A gefenta ga ta rago haɗe da huhunta da maƙogwaro.

"Na ji an ce jinin yana zuwa huhu, shi ne na ce bari in haɗo da maƙwabcin."

Malama har rawa ta kusa yi. Ta aika aka sayo zoɓo a wurin masu tallan bakin ƙofa, aka zuba a buta. Yara suka yi da'ira, na taga suka ninka na jiya, hedimasta ma ga shi a bayansu yana miƙa wuya.

Mainasara ya zaro wuƙa. A nan matsala ta tashi. Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, yana sunkuyawa ya zamo. Ya sake naɗewa, ya sake zamowa. Ya ja baya don kada jini ya taɓa aikin rigar, ya miƙa hannu daga nesa, zuciyar ta suɓuce ta faɗa daro. Mutumin da ke feɗe sa kafin a gama gaisawa, yau ga shi yana kokawa da tsoka guda, gumi na keto masa. An fara ƙus-ƙus a baya.

Murja tana kallo. Ta wuyan babbar rigar ta hango bakin 'yar sharar aikinsa a ciki. Daga kwata yake, gida ya biya ya rufe ta da rigar Juma'a, ya zazzaga turare. Ba don Malama ya yi ba, ba don hedimasta ba. Ta san don wa ya yi. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya kawo ruwa.

Ta ratsa yara ta zo gabansa.

"Baba, ka cire rigar mana."

Ya dube ta. Ya rage murya. "A nan, Uwata?"

"A nan. Kawo in riƙe maka."

Ya cire. Ga 'yar shara ta fito, da duk tabon da ke jikinta. Murja ta ninke babbar rigar ta ɗora a kujerar Malama, ba ta kalli kowa ba, ta dawo ta tsaya a gefensa ta tura hannun hijabinta sama.

Daga nan fa wasa ya canza. Mainasara ya ɗauki huhun rago ya kafa baki a maƙogwaron ya hura. Huhu ya kumbura, ya tashi, ya yi fari-fari. Yara suka kurma ihu suka ja baya, suka sake dawowa da gudu.

"A sake! Baba, a sake!"

"Haka naku yake yi duk numfashi," in ji Malama da ƙarfi don a ji ta. "A nan jini ke karɓar iska. Murja, riƙe mana babbar."

Murja ta tallabo zuciyar san da hannu biyu. Sanyi, santsi, ga nauyi. Malama ta nemo wani bututu mai laushi a dama, Mainasara ya toshe ɗan'uwan bututun na ƙasa da yatsa, ta tsiyaya zoɓo a ciki.

"Wannan ita ce hanyar da gajiyayyen jini ke shigowa. Matsa!"

Murja ta matsa da duk ƙarfinta. Zoɓo ya yi tsartuwa ta wani bututun daban, ya tashi sama, ya sauka a kan farin hijabin Fadila, wadda ta kutso gaba fiye da kowa. Aji ya kwashe da dariya. Fadila ko ta kan hijabin ba ta bi ba.

"Ta can ya shiga, ta nan ya fito! Malama, na gani! Wallahi na gani!"

"Wannan hanyar huhu ce. Yanzu ku duba nan." Malama ta nuna wani bututu fari mai kauri, wanda yatsu biyu za su shige. "Ta nan jini ke fita zuwa jiki duka. Bari mu gwada mayar da shi baya."

Ta zuba zoɓo ta sama. Ya cika bututun ya tsaya cak, ya ƙi sauka. Aka leƙa. Can ƙasa wasu 'yan fatu sirara sun haɗe baki sun rufe hanya.

"Ƙofa!" in ji wani. "Ga ƙofar!"

"In ya fita, ya fita ke nan, ba komawa. Bismilla, Baban Murja, a buɗe mana gidan."

Wuƙa ta yi tafiya ɗaya, sumul. Mainasara ya buɗe zuciyar gida biyu ya shimfiɗa a faranti. Yara suka ƙirga da baki ɗaya, Murja na sa yatsa a kowanne: biyu ƙanana a sama, biyu manya a ƙasa, ga bango a tsakiya. Ɗakuna huɗu cif.

Shi kansa mai wuƙar ya sunkuya yana kallo kamar yau ya fara ganin nama. Ya sa bakin wuƙa ya ɗago fararen zaren nan.

"Malama, waɗannan fa? Tun jiya suke hana ni sukuni."

"Igiyoyin ƙofa ne. Su ke riƙe ta kada ƙarfin jini ya banƙare ta baya."

"Igiyoyin ƙofa," ya maimaita. "Ni kuwa ina ta zubarwa. Allah mai iko."

"Saura tambaya ɗaya," in ji Malama. "Ku dubi naman ɗakin hagu, ku dubi na dama. Me ya sa na hagu ya fi kauri haka?"

Murja ta dubi huhun da ke daro, ta dubi ƙafarta.

"Malama, na dama huhu kawai yake aika wa, maƙwabta ne, ko ba ƙarfi zai kai. Na hagu kuwa sai ya tura har tafin ƙafa. Mai zuwa Kano ai ya fi mai zuwa bakin kasuwa shan mai."

"Ku tafa mata!"

Aka tafa har hedimasta. Sannan layi ya kafu, kowa yana son ya sa yatsa a ɗaki, ya ja igiyar ƙofa, ya matsa ya ji taurin naman. Murja ce mai ba da izini. Fadila ta zo da jan tabo a hijabi, ta ɗan yi jim.

"Murja, don Allah ki ce wa babanki ya bar ni in hura huhun."

Murja ta ja lokaci kaɗan, don ita ma mutum ce, sannan ta ce, "Baba, a ba ta."

Kafin a kaɗa ƙararrawar tara, babu hannu ɗaya a aji biyar da ba ya ƙarni, har na Malama, kuma ba wanda ya tuna da hancinsa.

Mainasara ya wanke wuƙarsa da sauran ruwan buta, ya mayar da kayansa daro, ya rufe da faifai. Ya ɗauki babbar rigar, ya juya ta yana neman wuya zai zura. Yara sun fara fita, filin makaranta ya cika da 'yan sauran azuzuwa. Ya sunkuyo daidai kunnen 'yarsa.

"Uwata, ban dai ba ki kunya ba ko?"

Murja ta karɓe rigar daga hannunsa ta rataya a kafaɗarta, ta ɗauki daron ta ɗora a ka, ta kama hannunsa. Ta tsakiyar fili ta bi da shi, inda yara suka fi yawa, kuma ba ta yi sauri ba.